Rabin Aski a Zauren Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ratsa garin Gude da rabin aski ba, kuma har gobe malaminmu na kimiyya nake ɗora wa laifi. Ni kuskurena ɗaya ne: na saurari darasi da kyau.

Lokacin ba a daɗe da fara Shari'a ba, aka ce a koya mana kare kai daga ƙanjamau da ciwon sanyi. Malam ya shigo aji yana sharce gumi kamar daga gona yake. Ya ce, "Hanya ta farko da ake ɗauka… to, ku dai ku ji tsoron Allah." Shi ke nan wai an gama hanya ta farko. (Mu kuwa mun gyara zama, har da masu fiƙe fensir.) Sauran darasin kaf a kan aska ya ƙare: kada a haɗa reza, a ƙona aska kafin ta taɓa kai. Na fito ina ganin kowace aska kamar maciji.

Ranar Lahadi Baba Wanzam ya zo zaurenmu da zabirarsa. Tsohon nan shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya. Ya aske Babana tas, sannan na durƙusa ya jiƙa mini kai. Sai da ya kwashe ɓangaren dama darasi ya faɗo mini.

Na ce, "Baba Wanzam, an kuwa ƙona askar nan? Malam ya ce ba a gane mai ƙanjamau a fuska."

Askar ta tsaya cak. Ya ce, "Wa ka ga na aske da ita yau?"

Na waiwaya. Mutum ɗaya ne, yana zaune a kan buzu yana shafa sabon askinsa.

Babana ya ce, "Wato ni."

Baba Wanzam ya naɗe zabira. "Alhaji, tunda an samu likita a gida, sai ya ƙarasa."

Baba bai dake ni ba, ina ma ya daka. Hulata ya ƙwace ya ce, "Bi shi ka ba shi haƙuri. A haka."

Gidan Baba Wanzam kuwa a can ƙarshen gari yake. Yara suka biyo ni ɗuu, wata tsohuwa ta tare ni tana cewa, "Sannu ɗan nan, makero ne ya ci ka haka?"

Na durƙusa na ba da haƙuri. Tsohon ya tura askar cikin garwashi har ta yi baƙi, ya ce, "Ta ƙonu, Likita, ko a ƙara?"

Abin da na koya shi ne, mai tambaya ya yi ta kafin a jiƙa kai, kuma ya duba wanda ke kan buzu. Yanzu Baba Wanzam yana ƙona wa kowa aska, har Babana. Malam kuwa har muka yi jarrabawa bai koma kan hanya ta farko ba.