Yadda Nomau Ya Kwashe Gidansu Kafin Guguwa

A Gangaren Marke, wani ɗan ƙauye da ke kwance a bakin kogi kamar saniyar da ta ƙoshi, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa da sanyin murya, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, ba ya ƙin aike. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya juya ta ya duba bayanta. A gidan akwai matarsa Kuluwa, mai haƙuri da zafin nama, da jaririyarsu Jummala wadda ba ta sauka daga baya. Akwai Baffa Arzika, wan mahaifinsa, tsohon masunci mai sanƙo da taurin kai. Sai kakarsa Iya Tasalla, wadda ta haifi Baffa Arzika. Ta tsufa har ƙafafunta sun daina ɗaukarta, yini take a kan tabarma a gindin marke tana hira da mutanen da suka daɗe da rasuwa, kamar yanzu suka fita za su dawo. Da yake Baffa ɗanta na fari ne, ba ta kama sunansa. Duk da furfurar gemunsa, "yaron nan" take ce masa.

Wata rana a tsakiyar damina, rediyo ya ce wata gagarumar guguwa na tafe daga gabas ɗauke da ruwa mai yawa, duk ƙauyukan bakin kogi su tashi su koma tudu kafin ta iso. Ranar iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi. Baffa Arzika ya kashe rediyon ya ce, "Nomau, je ka sa ido a kan kogi, ka zo ka gaya mana halin da yake ciki." Nomau ya gangara mashaya, ya kwanta rubda ciki, ya ɗora idonsa a kan ruwa. Ya ga haske yana saukowa zare-zare, ya ga ƙananan kifaye suna wucewa a jere kamar masu zuwa biki, wata tarwaɗa mai dogon gashin baki ta tsaya ta dube shi ta wuce. Sai azahar ya dawo, idanunsa jawur.

Baffa ya ce, "Ya ƙaru ko bai ƙaru ba?"

Ya ce, "Ban sani ba, Baffa. Na sa na dama, da ya gaji na sa na hagu. Halin da yake ciki kuwa, kore ne, kuma akwai kifi."

Baffa ya dafe kai. Iya Tasalla ta ce, "Ka ga kakanka a ciki? Can ya fi son zama."

Nomau ya ce, "Ban gan shi ba, Iya. Amma ban leƙa ƙarƙashin kwalekwale ba."

Wata rana kuma, ana ta shirin tashi, Kuluwa tana ɗaure tukwane a zani ta ce, "Baban Jummala, ka haɗa kan awakin nan, in tafiya ta zo ba mu da lokacin bin su." Nomau ya ɗauko igiya, ya kamo su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure ƙahon wannan da na wancan, har kawunansu suka haɗu a tsakiya, bindinansu suka dubi waje. Kowace ta ja nata gefen, sai suka fara juyawa a tsakar gida a hankali kamar faifai a kan ruwa. Suka ture turmi, suka kifar da tukunyar miya, suka shafe shanyar kuɓewa. Kuluwa ta fito ta tsaya riƙe da haɓa.

Nomau ya ce, "Sun haɗu. Na bunsurun ne ya ba ni wahala."

Iya Tasalla kuwa tafi take yi a hankali. Ta ce haka 'yan mata suka yi mata gaɗa ranar da aka kawo ta gidan nan, har ta kama sunayensu ɗaya ɗaya tana nuna awakin. Kuluwa ba ta gama kwance ƙullin ba sai da la'asar ta yi sanyi.

Wata rana mai unguwa ya sa aka yi shela cewa gobe da sassafe za a tashi gaba ɗaya zuwa Tudun Faru, inda aka tanadi makaranta don saukar mutane, kuma kowa ya ɗauki abin da ba zai rayu ba sai da shi, ya bar sauran. Kuluwa ta riga ta loda hatsi da tabarmi a amalanke. Ta shiga ɗaki shayar da Jummala, da ta fito ta tarar an sauke komai an jera a ƙasa. A cikin amalanken babu komai sai randa cike da ruwa, da wani tulu da aka toshe bakinsa da tsumma.

Ta ce, "Muna gudun ruwa, ka loda mana ruwa?"

Ya ce, "Na zauna na yi tunani, Kuluwa. Na taɓa yini ban ci tuwo ba, ban mutu ba. Na taɓa kwana ba tabarma, ban mutu ba. Ruwa ne ba a yi sai da shi."

Ta ɗaga tulun ta ji shi sakayau. "Wannan fa?"

"Iska ce. Kada ki buɗe, da ƙyar na cika shi."

Kuluwa ta ajiye tulun a hankali, ta juya baya don kada ya ga dariya ta kama ta. Ta sake loda hatsin da kanta, amma ta bar masa tulunsa a gefe.

Ranar tashi gari ya waye da wani irin ja a gabas, kamar an jiƙa sama da ruwan lalle. Mutane suka fara wucewa ta ƙofar gida da jakuna da ƙunshin kaya. An ɗora Iya Tasalla a amalanke, an ɗaura jaki, sai Baffa Arzika ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya zauna. Ya ce a gidan nan aka yanke masa cibiya, ya ga ambaliya ba ɗaya ba ba biyu ba, ba wani rediyo da zai kore shi. Kuluwa ta durƙusa ta roƙe shi, ya kau da kai. Ta fito idonta da ƙwalla ta ce, "Baban Jummala, don Allah je ka shawo kansa, ni na kasa." Nomau ya ɗebo ruwa a moɗa ya shiga zaure. Ya ce, "Baffa, gafara dai." Ya cire masa hula, ya tsiyaya ruwan a kan sanƙon, ya kafa baki yana zuƙa. Baffa ya zabura ya rarumo sanda. Nomau ya fita da gudu, tsoho na bin sa yana kai duka yana samun iska, suka zaga rumbu, suka zaga turken jaki, har numfashin Baffa ya ƙare ya faɗa gefen amalanke yana haki. Wani siririn hannu ya fito daga cikin mayafi ya kama bakin rigarsa.

Iya Tasalla ta ce, "Yaron nan, zauna. Ban haife ka don kifi ba."

Baffa ya hau ya zauna kusa da ita. Kuluwa ta taɓa jaki da tsumagiya, amalanke ya motsa.

Suka bi ayarin mutane ta cikin gonaki. Gero ya yi tsayi ya sunkuya, babu mai magana da ƙarfi, sai ƙarar ƙafafu da kukan awaki. A wata fadama ƙafar amalanke ta nutse a taɓo har gindi, aka yi aka yi ta ƙi fita. Aka kwance jaki, aka ɗora masa buhun hatsi, Baffa ya hau a kai. Mai unguwa ya zo wucewa ya ce, "A yi sauri, jama'a, kuma kada a bar tsofaffi a baya." Kuluwa ta ce, "To, goya Iya mu tafi."

Nomau ya ce, "A'a. Kin ji abin da aka ce. Ba a barin su a baya."

Ya sunkuya ya ɗauki kakarsa a hannu biyu, ya rungume ta a ƙirji kamar jaririya. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Haka ya yi ta tafiya, ba ya ganin gabansa sosai, yana tuntuɓe da kunyoyin gona, mutane suna dariya ƙasa-ƙasa. Ita kuwa fuskarta na kallon sama. Ta ce rabon da ta ga sama gaba ɗayanta haka tun tana yarinya, kullum reshen marke ne yake tare mata. Ta ce gizagizan nan shanun Fulani ne suna komawa ruga, ga fari, ga baƙi, ga mai doro can a gaba. Ta fara wata waƙar daka da ba wanda ya sani, muryarta siririya, Jummala ta yi barci a bayan uwarta.

Da rana ta karkata, gabas ta yi baƙi ƙirin, wata iska mai sanyi da ƙanshin ƙasa ta fara kaɗawa. Suka iso inda hanya ta rabu biyu. Babbar ta gangara kwari, ta bi ta kan wata gada zuwa Tudun Faru. Ɗayar kuwa 'yar siririya ce da ciyawa ta cinye, ta haura wani dutse inda tsohon garinsu yake kafin kakanni su sauko bakin kogi. Yanzu kufai ne, ba komai a can sai kukoki da tsoffin kaburbura. Iya Tasalla ta gaji ƙwarai, leɓɓanta sun bushe. Ta lumshe ido ta ce, "Nomau, wahalar nan ta ishe ni. Ni dai a kai ni inda iyayena suke, in huta."

Ya ce, "Ina suke, Iya?"

Ta ɗaga yatsa sama. Daidai saitin yatsan kuwa ga dutsen nan tsaye. Nomau ya ce, "To," ya saki ayari ya kama siririyar hanya.

Kuluwa ta kira shi, ta ce ba abin da Iya take nufi ke nan ba. Baffa ya yi masa tsawa daga kan jaki. Nomau bai waiwayo ba, ya ce an aike shi, in ya kai ta zai dawo. Mutane suka girgiza kai suka gangara kwari. Kuluwa ta tsaya a mararraba tana duban bayan jama'a, tana duban bayan mijinta. Daga ƙarshe ta ja akalar jaki ta bi shi tana kuka, awaki na biye.

Suna kaiwa sama ruwa ya fara sauka. Bayan kaburburan suka tarar da wani falalen dutse da ya yi rumfa, ƙarƙashinsa kogo ne mai faɗi, rufinsa baƙi da hayaƙin mutanen da. Nomau ya kwantar da Iya a bakin kogon inda take hango kaburburan, ya ce, "Ga su nan." Kuluwa ta tattara busassun ƙirare da ke ciki ta hura wuta don kada sanyi ya kama tsofaffi. Sai guguwar ta iso. Kukoki suka yi ta gurnani, ruwa yana tafiya a kwance, duniya ta zama fara fat, amma dutsen ko gezau.

Can ƙasa kuwa, ayarin ya tarar ruwan da aka yi a gabas ya riga su isa kwarin, ya tafi da gada. Suka juyo, fadamar da suka ratso ita ma ta cika. Suna tsaye a tsakiya da yara da tsofaffi, ruwa na hawa ƙafafunsu, sai wata mata ta hango jan haske yana lumshewa a jikin dutse. Suka kama hannun juna suka bi shi. Kafin duhu ya rufe, mutanen Gangaren Marke duka suna cikin kogon, a jiƙe, suna rawar ɗari, ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

Da gari ya waye iska ta kwanta. Suka fito suka tsaya a kan dutse. Ruwa ya shimfiɗu ko'ina har iyakar gani, lumui, sama ta sauko ta kwanta a cikinsa da gizagizanta. Inda ƙauyensu yake ba a ganin komai sai kan marken gidansu Nomau, fararen balbelu sun sauka a kai. Baffa Arzika ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya zauna kusa da uwarsa ya gyara mata mayafi.

Mai unguwa ya zo ya tsuguna gaban Nomau ya ce, "Wa ya ba ka dabarar hawowa nan?"

Nomau ya ce, "Ba dabara ba ce, ranka ya daɗe. Iya ce ta ce in kai ta inda iyayenta suke."

Iya Tasalla ta buɗe ido ta dube shi. Ta ce, "Ni fa mutuwa nake nufi, Nomau."

Ya yi tunani, sannan ya ce, "Ai ba ki ce ba, Iya."

Tsohuwa ta yi dariya har sai da tari ya kama ta. Ta dubi kaburburan, ta dubi ruwan da rana ta fara taɓawa, ta miƙa hannu Kuluwa ta ɗora mata Jummala a cinya.

Ta ce, "To, tunda ban ce ba, na fasa. A dama mini kunu."