Miliyan ɗaya da sha ɗaya

Shekara huɗu ina koyar da lissafi a Zermu, iyalina suna unguwar Birni a Zinder. Aka ce sufeto zai zo ya ga darasina, in ya gamsu a maido ni Zinder.

Darasin a kan lambobin da ba sa rabuwa ne, sai da ɗaya ko da kansu. Littafi ya ba da misalin casa'in da bakwai, amma na ga ta yi wa mutum irina kaɗan. Na cika allo da miliyan ɗaya da goma sha ɗaya, na juyo na ce, "Wannan ko ku kwana a kanta ba za ta rabu ba." Har na kakkaɓe hannu.

Ajin ya yi tsit, na ɗauka kwarjinina ne. Sufeto, dattijo mai sanyin murya, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ce, "Tara mana ɗai-ɗai ɗin da ke cikinta."

Na tara, suka ba ni uku. Ni da bakina na koya wa yaran, satin da ya wuce, cewa lambar da in an tara ta haka ta ba da uku, tana rabuwa da uku. Ashe shirun nasu na tausayi ne.

Sai da na ƙara shekara uku a Zermu. Matata ta kwance kayan da ta ɗaure na tarbata.

Yau wasu ɗaliban nan suna kabu-kabu da babur a unguwar Zango. In na tsai da ɗaya, sai ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Mushe, kai ɗaya za a ɗauka, ko a raba ka uku?"