Gwalo a Gaban Baba Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai autata Husna hoton wuya ba. Wani ƙulli ne ya fito mata ƙasan haɓa kamar ɗan dabino, ni kuwa tuni zuciyata ta yanke cewa ciwon daji ne. Surukina Baba Alhaji (mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba) da kansa ya ɗauko mu daga unguwarmu Wunti zuwa asibiti, ya zauna kan benci a waje.

Na ɗan fita amsa wayar babanta. Ina dawowa, me zan gani? Husna kwance, an shafe mata wuya da man nan mai sanyi, ta zaro harshe tana yi wa likita gwalo! Dattijo fa, mai furfura!

"Innalillahi! Husna, tarbiyyar da na ba ki ke nan?" Na zube ƙasa. "Likita, don Allah ka yi haƙuri, wallahi ba ta yi a gida."

Ya yi dariya har gilashinsa na zamewa. "Maman Husna, ai ni na sa ta." Ya nuna min wani baƙin kewaye a allon na'urar. Ya ce jakar ruwa ta wuya iri-iri ce: ta gefe ba ruwanta da harshe, ta tsakiya kuwa da an zaro shi sai ta haura sama. Sai ya ga motsin zai faɗa min ko mene ne.

To, Husna fa ta kulle baki gam. "Mama ta ce ba kyau." Lallashi, alewa, duk a banza. Wai sai in Mama ta fara.

Na gyara hijabi, na yi bisimilla, na zaro harshe iya tsawonsa. Daidai nan ƙofa ta buɗe. Baba Alhaji ne, ya ji salatina ya zaci mugun labari ne.

Ya kalle ni, na kalle shi, harshe a waje (wallahi na manta yadda ake mayar da shi). Husna ta ƙyalƙyale, ta zaro nata, ƙullin ya yi wuf sama.

"Yauwa, ta tsakiya ce!" in ji likita. "Ruwa ne, ba daji ba. Aiki za a yi mata a cire."

A mota ina hamdala, ina cusa hijabi a baki don dariya. Sai a ƙofar gida Baba Alhaji ya ce: "Allah ya ba ta lafiya. Ke dai naki harshen na gan shi, ƙalau yake."

Tun daga ranar, kafin in yi wa yaro faɗa a gaban manya, sai na tambaya wa ya sa shi tukuna.