Kifin Malama Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa ba da daren da na ci kifi a gaban mutanen Wurno, alhali a zatona daga ni sai Allah.

Lokacin ina sabon malami a wata firamare. Aka ce mu shirya wasan kwaikwayo a kan noman rani da ruwan dam ɗin Goronyo, a nuna wa iyaye bayan sallar isha'i a filin makaranta. Wutar lantarki kuwa ba a maganarta. Ni ina da wata ƙatuwar tocila mai batir shida, wadda na saya a Sakkwato don kawai a san na fara ɗaukar albashi. Nan take na ce a bar mini harkar haske. (Har cewa na yi na saba aikin. Ban taɓa yi ba.)

Muka ɗaura farin zanen gado a matsayin labule. Idan mai bidiyo, wani mutumin Achida, ya ɗaga hannu, sai in haska 'yan wasa. Idan sun shiga sauya kaya, in koma baya in haska musu.

Malama Rifkatu, abokiyar aikinmu 'yar Zuru, ta soya ƙatuwar tarwaɗa wadda manomi zai kawo wa iyalinsa a fitowar ƙarshe. Ta ajiye ta a bayan labule, ta ja mini kunne: "Malam, kifin nan na wasa ne, ka sa mini ido."

Na sa ido. Sai hanci ya bi. Rabona da abinci tun kunun safe.

Da aka je hutun rabin wasa, Hedimasta ya tsaya gaban labule da 'yar fitilar ƙwai ya fara jawabi (mutum ne da in ya ce "a taƙaice" to yanzu ya soma). Na ɗora tocilar a kan benci a bayana, a kunne, don in riƙa ganin ƙaya. Na tsuguna na ɓalli wutsiya. Na ce gefen ƙasa ba mai dubawa, na juya ta.

Sai na ji dariya. Na ce a raina yau Hedimasta ya faɗi abin kirki. Dariya na ƙaruwa, ina ƙara loma. Har na ɗaga ƙashin sama na tsotse, na lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Can wani dattijo ya ɗaga murya: "Hedimasta, dakata! Wanga na bayanka, mi shika ci haka babu tayi?"

Na ɗago kai. Ga inuwata a jikin zanen, ta kai raƙumi tsawo, da hula, da ƙashin kifi a hannu. Wata mata ta ce, "Malamin aji ukku na, ku dibi kunnuwan!"

Mai bidiyo ashe tun loma ta biyu ya bar Hedimasta ya dawo kaina. Malama Rifkatu ta leƙo, ta dubi faranti, ta dube ni, ta ce, "In kawo ruwa?" Da kai da ƙaya aka ƙarasa wasan.

Bayan sati biyu na je gaisuwa gidan su yarinyar da nake nema. Aka ce in shiga zaure wurin kawunta. Ina yin sallama na gane muryar: dattijon nan ne. Ya amsa da fara'a, ya juya cikin gida: "Ku kawo mashi tuwo. Kihin dai ku ɓoye!"

An ba ni ita, alhamdulillahi. Amma tun ranar, kafin in kai komai baki, sai na waiwaya na ga ta ina haske yake zuwa.