Rasuwar Safar Hannuna ta Dama

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ɗan yatsa naɗe da filasta, ni Twaibu Chikwanje, mai wanke kayan aiki da ƙona shara a ƙaramin asibitinmu na bakin tafki, nake sanar da rasuwar safar hannuna ta dama, jar roba mai kauri, wadda ta cika ranar Talata da hantsi tana bakin aiki. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: da laifina a ciki. An ce in riƙa shanya ta a inuwa. Ni kuwa kan shinge nake yar da ita cikin rana, domin igiyar shanya tana can bayan ɗakin haihuwa, ƙafata kuma ba ta son tafiyar da ba ta zama dole ba.

Shekara uku marigayiyar ta yi tare da mu. Ta shiga jini, ta shiga ruwan bilic, ta shiga abin da ba a ambata a gaban mai cin tuwon nsima. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba a kuma taɓa tura ta taron bita ba. Magana biyu na san ta da su: "fat!" in na ja ta zuwa gwiwar hannu, da "cakwal" in ruwa ya shige ta.

Ciwon ya fara da 'yan tsage-tsage tsakanin yatsu. Kullum da safe nakan cika ta da ruwa in ɗaga, in ga ko za ta ɗiga. Ba ta ɗiga ba, har ranar Talata da na zura hannu cikin bokitin auduga na ɗakin wankin ciwo, inda bai kamata a sami allura ba. Akwai allura. Marigayiyar ta yi iya yinta. Ita ba ta ce uffan ba, ni ne na yi ƙara. Har yau ba a san wanda ya jefa allurar ba, ba a san jikin wa ta fito ba.

Sista Msowoya, babbar nas ɗinmu, ita ta riƙe yatsana a ƙarƙashin famfo.

"Kai Twaibu, sau nawa zan gaya maka? Juye bokiti ake yi, ba lalube ba!"

"Sista, audugar ce ta manne a ƙasa."

"To ga ƙwayar rigakafin ƙanjamau. Kwana ashirin da takwas, kada ka tsallake ko ɗaya. Gwajin jini bayan sati shida. Kuma ka daina yi mini wannan murmushin, ba kyau yake maka ba."

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yar uwarta ta hagu, wadda ita kaɗai ba ta iya ko matse tsumma, da rigar leda guda, da takalman roba biyu da ba uwarsu ɗaya ba. Ta kuma bar ni, ina kwana na uku a kan ƙwaya, jiri na ɗibata. Matata Asiyatu, wadda shekara ashirin take kirana Ministan Shara, tun Talata ba ta sake ba. Kan kifi take sa mini a kwano ba tare da na roƙa ba, ta ce, "Ci, Baban Hawa." Wannan ya fi allurar ba ni tsoro.

An tsara jana'iza gobe bayan sallar Juma'a, a ramin ƙona shara da ke bayan mangwaro. Ɗazu na je wurin Mista Gondwe mai kula da sito, neman magajiya.

"Sai motar gunduma ta zo, ɗan uwa."

"Yaushe?"

Ya kalli hanya, na kalli hanya. Siraran safunan da suka rage na ɗakin haihuwa ne, kuma mata huɗu ke jiran naƙuda. Ban ko nemi a ba ni ɗaya ba.

Saboda haka ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa an ɗage jana'izar. Mai facin keke ya liƙe yatsan safar. Marigayiyar za ta koma aiki gobe ƙarfe bakwai.