Wili Mai Launin Ƙofar Kaka

"Lafiya lau, sai dai ganinka ya ɓata min safiya," in ji tsohon, ya dire wilin babur ɗinsa a bakin shagon jikansa.

Jikan mai fenti ne, irin fentin nan na gari kamar hoda da ake fesa wa ƙarfe a gasa shi a wuta. Ni ina facin taya a shagon da ke kusa, kuma duk ranar da tsohon nan ya zo, aikina tsayawa yake yi. Babur ɗinsa ya girmi jikan. Da shi yake kai tsohuwarsa asibiti, ɗansa kuwa, wato uban mai fentin, ya rantse ranar da babur ɗin ya sake ba da matsala zai ƙwace makulli.

Jikan ya juya wilin, ya kwashe da dariya.

"Wannan koren ai na san shi. Fentin ƙofar ɗakin matata ne!"

"Matarka? Ɗan nema, na aure ta tun ba a san za a yi ubanka ba."

"Shi ya sa ta gaji da kai. Wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Ni na shafa da hannuna. Ai gwanintata ka gada."

"Har da taya ka shafe, Kaka. Ga sawun buroshi kamar kaza ta bi ta kai."

"Kai dai fesa min baƙi a kai, mai sheƙi. Kada ka kankare komai."

"Gari ba ya kamawa sai a kan ƙarfe tsirara. In na sa shi a wuta haka, kumbura zai yi kamar fuskarka ranar da aka hana ka shayi."

"Na ce kada ka kankare!"

Ina! Yaro ya riga ya ɗora samfefa. Fenti shafi kan shafi ya yi ta zuba, sai tsatsa ta bayyana, a ƙarƙashinta kuma ga tsaga siririya ta ratsa gefen wilin. Jikan ya daina dariya. Tsohon kuwa ya mai da ido kan titi, sai ka ce yau ya fara ganin mota.

"Kaka, ka san da wannan."

"Gashi ne ya maƙale."

"Gashin wa? Kanka ko ƙwaya ɗaya babu."

Tsohon ya zauna a kan bencina. Gaskiya ya ba ni tausayi.

"In ubanka ya gani, shi ke nan. Wa zai riƙa kai ta? Ba ta yarda da tuƙin kowa."

"Ni ba zan rufe tsaga da fenti ba, ko za ka tsine min."

"Ka ji mugun iri. Goyon da na yi maka Allah ya isa."

"Goyon da ka yar da ni sau biyu? An ba ni labari."

Jikan ya shige ciki. Muka ji ƙarar sifana, can sai ga shi da wili baƙi wuluk yana ɗaukar ido. Na gane shi, na babur ɗinsa ne, wanda ya gasa wa kansa yake ta yi mana yanga da shi.

"Ungo. Ba don kai ba. Matata kake goyawa a baya, ba zan bari tsoho ya zubar min da ita a kwata ba."

Tsohon ya shafa wilin da tafin hannu. Sannan ya fashe da dariya har da share ido.

"To, na ji, taka ce. Amma kai da kanka za ka gaya mata inda sauran fentin ƙofarta ya tafi."