Jan Kaye na Malbaza

Ba zan taɓa mantawa ba da istaj ɗin da na yi, wato gwajin aiki, a wata kwaleji wajen Malbaza, ko da yake wasu abubuwan sun ɗan ɓace mini (ina jin kunya ce ta cinye su). Na gama karatun ba mutane shawara kan damuwar rai, saura kawai diraktar, shugaban kwalejin, ya sa hannu a takardata in karɓi difloma.

A jami'a an koya mana cewa yadda mutum ke ganin kansa, haka yake fassara kallon da ake yi masa. Sha takwas bisa ashirin na ci a wannan darasi. An kuma ce mai ba da shawara ya riƙa rubuta abin da ke damunsa don ya san kansa. Ni ko ba a ba ni aiki in yi rabi. Na sayi jan kaye, littafin rubutu, ko'ina muna tare.

Lokacin shan iska malamai kan zauna gindin bedi suna hira. Da na iso sai hirar ta mutu. In sun yi shiru sai in buɗe kaye in rubuta, in na rubuta sai shirun ya ƙaru.

Ran nan diraktar ya tara mu. Ashe malamai sun kai ƙara, wai daga anspeksiyo, ofishin masu duba makarantu, aka turo ni leƙen asiri. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an ji abin da ke cikin kayen. Madam Rabi, dattijuwar malamar lissafi, ta gyara tabarau.

"Ɗiyata, in gaskiya gare ki, karanta muna."

Na tashi na buɗe kayen.

"Litinin. Madam Rabi ta amsa gaisuwata da lahiya guda ɗaya tak. Wataƙila ta tsane ni. Wataƙila kuma takalmina ne. Talata. Mushe Sani ya yi tari da na wuce. Sau biyu. A bincika. Laraba. Diraktar ya dubi agogo ina magana. Ni ma da ni ce shi, da na duba."

Ban kai Alhamis ba wani ya faɗo daga benci don dariya. Madam Rabi tana share hawaye ta ce ranar ciwon haƙori take, lahiyar guda ma da ƙyar ta fito. Mushe Sani ya rantse mako uku yana ɗaure da kirabat a wuya cikin zafin bazara don tsoron rapor ɗina.

"Ke da munka sha kin zo ki kore mu aiki," in ji shi, "ashe kanki kika kai ƙara."

Diraktar ya sa hannu yana ta dariya.

Na gane mutane ba su da lokacin tsanata, kowa yana can yana fargabar yadda ake ganinsa (galibi dai, ban ce duka ba). Wanda ya halarci taron, in na yi kuskure ya aiko da gyara. Amma don Allah ya fara da doguwar gaisuwa, kada in shiga bincike.